Bangon Malama Gam

A makarantar babu mai kiran ta da sunanta na yanka. Har Hedimasta, in ya manta kansa, Malama Gam yake ce mata. Yara ne suka laƙaba mata sunan, yaran da su ma yanzu sun ajiye 'ya'ya, kuma ba su yi mata ƙage ba. Duk inda ka gan ta akwai kwalbar gam a jakarta, yatsunta kullum a danƙo, in ta karɓi littafinka ta duba sai ka ɓamɓare shi daga hannunta. Da farko takan sha mur in ta ji sunan. Daga baya ta ga babu mai iya toshe bakin yara, ta haƙura, har ta kai in an kira tana amsawa.

Aji huɗu take koyarwa, a ɗaki na ƙarshe a jerin azuzuwan, wanda bayansa yake kallon lambatun unguwa. A ɗakin nan ta fara aiki tana budurwa, a nan ta yi goyon 'ya'yanta, a nan furfura ta same ta. An sha yi mata tayin kujera a ofis tana ƙi, ita dai a bar mata ɗakinta. Duk wanda ya leƙa kuwa ya san dalili. Sauran azuzuwan bangonsu tsirara yake, sai shatin takalmi da rubutun gawayi. Nata daga ƙasa har inda hannu yake kaiwa a kan benci a lulluɓe yake da takarda: taswira, jadawalin lissafi, da zanen yara iri-iri, kaza mai ƙafa huɗu, uba mai kai kamar tulu. Ba ta taɓa cire zanen yaro ta yar ba, in sabo ya zo sai ta manna shi a kan tsoho. In baƙi suka zo duba makaranta ɗakinta ake fara kai su, Hedimasta yana gaba baki har kunne kamar shi ya yi aikin.

Abin da baƙi ba su sani ba shi ne ba don ado kaɗai ake manne-mannen nan ba. Bangon baya yana da tsaga. Shekarun baya ta fara ganin ta, siririya kamar zare, ta gangaro daga kusurwar rufi. Ta gaya wa Hedimastan lokacin, ya ce za a duba, aka yi masa canji ba a duba ba. Ta gaya wa wanda ya gaje shi, ya ce in ta matsa da maganar to rufe ɗakin za a yi, a raba yaranta a sauran azuzuwa, ita kuma a nema mata wani lungu a ofis. Daga ranar ta ja bakinta ta tsuke. Ta kawo taswirar duniya ta manna a wurin. Kowace damina takardun wajen sukan yage da kansu, a tsaye, kamar an bi su da reza. Ita kuma sai ta yi sammako kafin yara, ta shafa gam ta ɗora sabuwa. Tsoro take ji, kuma ta san tsoro take ji, shi ya sa ba ta taɓa ɗaga na ƙasa ta leƙa ba.

Mai Zane ya zo ne a farkon zangon damina. Wata ƙungiya ce ta turo shi, yana zagaya makarantun firamare yana koya wa yara zane da yadda ake sa zane ya yi motsi. Saurayi ne dogo, siriri, rigarsa duk ɗigon fenti, da jaka a baya da ta kusa rinjayar sa. Baba Maigadi ya tsare shi a ƙofa ranar farko, ya zaci mai tallar maganin ɓera ne. Da Hedimasta ya zaga da shi azuzuwan yana ta gyaɗa kai kawai, sai da ya sa ƙafa a aji huɗu ya ja ya tsaya.

"Kai! Mama, wannan ai ba aji ba ne, gidan zane ne. Ranka ya daɗe, nan nake so."

Malama ta ji daɗi, babu amfanin ɓoyewa. Shekara da shekaru tana manna takarda, yau ga wanda aikinsa ke nan ya yaba. Murnar ba ta daɗe ba, don ya ajiye jaka ya nufi bangon baya kai tsaye, ya ce nan ne hasken taga yake faɗawa daidai, a share masa wuri kamar faɗin tabarma.

Ta ce, "Malam Mai Zane, allo fa? Ga shi nan fili."

"Allo baƙi ne, Mama. Fari nake so."

Ita da kanta ta cire takardun, ba ta bari kowa ya taya ta ba. Ta zaɓi ɓangaren hagu, ta kauce wa taswira, tana ɓamɓarewa a hankali tana addu'a a ciki. Farin bango ya fito lafiya lau, sai wani ɗan layi can a kusurwar sama da bai fi tsawon yatsa ba. Ta sauke ajiyar zuciya. Shi ko kallon wurin bai yi ba.

Ya kafa kyamara a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku, ya zagaye kowace ƙafa da jan fenti a ƙasa, ya ce ko Hedimasta ne ya gusa da ita a gaya masa. Yara suka kwashe da dariya. Sannan ya yi musu bayanin sirrin aikin. Za su zana abu a kwali su yanke da almakashi, su liƙa a bango, a ɗauki hoto. Su matsa da shi kaɗan, kamar faɗin farce, a sake ɗauka. Haka, haka, har hotuna su taru. In aka jera su aka sake su da gudu, ido zai rantse abin tafiya yake yi.

"Doka ɗaya ce," in ji shi. "Kyamara ba ta motsi, bango ba ya motsi. Abin da kuka matsar shi kaɗai ne zai motsa. Kun gane?"

"Mun gane, Malam!"

Labarin kuwa su suka zaɓa da kansu, bayan gardamar da ta kusa kai wa ga dambe: akuya ta cinye wa yaro aikin gida, yaron yana bin ta da gudu. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san inda suka samo shi.

Gaskiya ɗaya ce, Malama ba ta taɓa ganin ajinta haka ba. Yaron da ba ya iya zama minti ɗaya sai ga shi ya riƙe numfashi yana matsa ƙafar akuya da tsinke. Wata yarinya da ba a taɓa jin muryarta ba ita ce ta zama mai ba da umarni, sai ta ce "Hannu ya fita!" sannan a danna. Mai Zane yana da haƙuri, ba ya tsawa, in yaro ya ɓata sai ya ce akuyar ce ta yi tuntuɓe. Yakan zo wasu ranaku a mako, su ɗauki abin da ya samu, ya naɗe kayansa ya tafi. Ana haka ruwa yana ta sauka. Lambatun bayan aji ya cika ya tumbatsa, ƙasan wajen ya yi laushi. Ƙofar ajin ta fara cijewa, sai an sa mata kafaɗa take buɗuwa. Fensir in ya faɗi a tsakiyar ɗaki sai ya gangara baya da kansa, yara suna yi masa tsere. Malama tana gani, ta ce a ranta katako ne ya sha ruwa.

Da aikin ya kusa ƙarewa, wata ranar Juma'a, Mai Zane ya ce yau za su ɗanɗana. Ya buɗe kwamfutarsa a kan teburinta, yara suka yi masa rumfa, na baya suna hawa benci. Ya danna.

Akuya ta zabura da takarda a baki. Ajin ya kaure da ihu. Yaro ya biyo ta, ƙafafunsa suna wulwulawa, hularsa ta tashi sama. Wasu har da faɗuwa ƙasa don dariya. Malama ma dariyar take yi, sai idonta ya kai saman hoton.

A saman akuyar, daga kusurwa, wani baƙin layi yana saukowa. Ba tsaye yake ba, tafiya yake yi. Ya ɗan tsaya, ya yi tsalle, ya karkata, ya fitar da reshe kamar saiwa, yana ƙara kauri yana bin akuyar a baya. Abin da ya ɗauki zango guda yana rarrafe ba wanda ya lura, ga shi an tattara shi cikin ɗan lokacin da bai kai a sha ruwa a ajiye kofi ba. A gefen hoton kuma bakin taswirarta ya ɗan leƙo, tana ganin sa yana zamewa ƙasa a hankali.

"Walƙiya! Walƙiya!" yara suka ɗauka da tafi. "Wa ya zana walƙiyar?"

Kowa ya kalli kowa. Babu wanda ya zana.

Ta juya ta kalli bangon. Layin yana nan, daga sama har kusan inda suke liƙa akuya, shiru, kamar can ma haka yake. A ƙarƙashinsa benci biyu ne na 'yan baya, da jakunkunansu a rataye. Mai Zane ya matso da fuskarsa kusa da kwamfutar ya yi tsaki, ya ce wannan layin ya ɓata musu aiki, yana janye ido daga akuya. Malama ta san in ta buɗe baki dole ta faɗi abin da yake ƙarƙashin taswira, a gaban yara, a gaban baƙo. Kunya ta rufe ta, ta ce kowa ya koma wurinsa, sai dai 'yan baya su matso gaba yau, wai ba sa jin karatu daga can.

Ranar Asabar ta wuni tana wanki ba ta san me take wankewa ba. Maigidanta, tsohon direban babbar mota ne da ciwon baya ya zaunar, yana kan kujerarsa a tsakar gida yana kallon ta. Da ta sa rigarsa a ruwa karo na biyu bayan ta shanya, ya ce, "Malama, rigar nan laifin me ta yi miki?"

Ta zauna a kan bokiti ta gaya masa komai, har da taswira.

"Ni ma na taɓa yin irin taki," ya ce. "Inji yana ƙwanƙwasa, na ƙara wa rediyo murya. A daji na kwana. Amma ni buhuna na ɗauko, ke 'ya'yan mutane ne."

"In na faɗa za su ƙwace min ɗakin."

"To su ƙwace mana. Da ɗakin aka haife ki?"

Ta ji haushin maganar, ta tashi ta koma kan wankinta.

Ranar Litinin ko jakarta ba ta ajiye ba ta wuce ofis. Hedimasta na yanzu ba mugu ba ne, mutum ne dai da ya gaji, wanda duk maganar da aka kawo masa yake fara neman inda zai ajiye ta. Ta ce masa bangon ajinta yana tafiya. Ya cire tabarau ya dube ta. Ta ce ba sai ya yarda da ita ba, ya zo ya gani da idonsa, kyamara ta ɗauka.

Suka tarar da Mai Zane a ajin lokacin hutun tara, yara suna waje. Idanunsa jajir kamar wanda ya yi kuka, amma fuskarsa cike da fara'a. Ya ce ai sun zo a daidai, yana da abin nuna musu. Ya danna. Akuya ta zabura, yaro ya biyo ta, hula ta tashi. Bango fari tas kamar sabon faranti, babu ko ɗigo.

Malama ta ce, "Ina layin?"

"Na goge shi, Mama!" Ya faɗa da alfaharin mai jiran yabo. "Hoto ɗaya-ɗaya na bi. Asabar da Lahadi ban leƙa waje ba, har idona yana ruwa. Yaran nan sun sha wahala, ba zan bari tsagar bango ta ɓata musu aiki ba."

"Na farkon fa? Wanda muka gani ranar Juma'a?"

Ya sosa ƙeya. Kwamfutar tsohuwa ce, ta cika, in ya gama gyara yakan zubar da na farko don ya sami wuri. Haka yake yi a kowace makaranta. Da Hedimasta ya tambaye shi ko da gaske akwai layi, ya ce akwai, ga shi can ma a bango, ɗan layi ne. Hedimasta ya duba, ya mayar da tabaransa, ya ce wane bango ne a makarantar nan ba shi da irin wannan, har na ofishinsa.

Malama ta tsaya tana kallon saurayin nan mai jajayen idanu, ta rasa ta inda za ta fara jin haushinsa. Abin da ta yi shekaru tana yi da gam shi ya yi da kwamfuta, har ya fi ta iyawa. Ta jawo benci ta hau, ta sa farce a saman taswirar duniya ta ja.

Takardun sun haɗe sun zama kamar fata, suka taho gaba ɗaya da wani irin ƙara. Zanen bana, na bara, na yaran da suka yi aure, duk suka zubo a ƙafarta. Ta ci gaba da yagewa har ƙasa. Abin da ya fito ko ita ba ta zaci ya kai haka ba. Tsagar ta taso daga rufi har daɓe, a tsakiya hannun babba zai shige har wuyan hannu. Bulo ya rabu da bulo, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya turowa ciki. Wata iska mai sanyi da warin lambatu tana shigowa, ta wani wurin ma ana hango koren ciyawar waje. Layin da yara suka kira walƙiya ɗan reshenta ne kawai.

Mai Zane ya ce, "Innalillahi." Ya zauna a kan benci.

Hedimasta ya daɗe yana kallo. Da ya juyo, abin da ya fara tambaya shi ne, "Malama, tun yaushe kika san da wannan?"

Ta gaya masa gaskiya. Ya gyaɗa kai kamar wanda ya sami inda zai ajiye maganar.

Matsalar ita ce an riga an gayyaci mutane. A ƙarshen makon nan za a nuna fim ɗin, iyaye za su zo, da manyan ƙungiyar da ta turo Mai Zane. Aji huɗu ne kaɗai yake da soket mai aiki da tagogin da suke rufuwa, majigi kuwa ba ya son haske. Mai Zane ya ce a yi a waje, aka gwada a gindin bishiya, akuyar ta zama kamar hayaƙi. Ya ce a ɗaga ranar, Hedimasta ya ce manya ba a ɗaga musu rana. Bangon da ya yi shekaru a tsaye, in ji shi, ba zai zaɓi wannan awa ɗayar ba. Bayan taro zai kai maganar sama. Kafin nan yara su yi karatu a baranda. Ya sa Baba Maigadi ya kafa ƙusa, aka rataya babban farin zanin gado a bangon baya, ya rufe tsagar ruf. A kansa za a haska majigin.

Ranar taron an kwana ana ruwa, da safe aka ɗan tsagaita. Ɗakin ya cika maƙil. Yara a zaune a ƙasa daf da zanin, don su ne masu fim, iyaye a kan benci, manya a kujerun da aka ɗauko daga ofis. Aka rufe tagogi. Malama ta ƙi zama, ta tsaya a bakin ƙofa ta tokare ta da dutse, ko da aka ce hasken yana damu ta yi kunnen uwar shegu. Hedimasta ya yi jawabi, wani babba ya yi, sannan Mai Zane ya kunna majigi yana satar kallon ta.

Ga farin bangon aji huɗu, lafiyayye, an haska shi a kan zani. Akuya ta fito. Iyaye suka fara dariya, wata uwa tana cewa ɗanta ne ya zana wutsiyar. Malama ba akuya take kallo ba. Tagogi a rufe suke, amma zanin yana kumbura yana lafawa a hankali, daidai tsakiya, kamar ƙirjin mai barci. Duk kumburin da ya yi sai ya shafi kan yaran layin gaba. Da akuyar ta yi tsalle ta haye katanga, yara suka miƙe gaba ɗaya suna tsalle su ma, suna buga ƙafa, iyaye suna tafi. Ta ji daɓen yana rawa a tafin ƙafarta. A cikin hayaniyar nan ta ji wani ƙara, ƙas, daga bayan zanin. Har yau ba ta san ko kunnenta ne ya ji ko tsoronta ba.

"Ku fito!" Muryar da ta fito ba ta san tana da ita ba. "Ku fito da yaran nan! Bango zai faɗi!"

Abin da ya biyo baya ba shi da kyan gani. Aka yi kan ƙofa gaba ɗaya, benci ya kife, majigi ya faɗi ya mutu, wani babba ya fita ta taga da babbar rigarsa. Ita tana bakin ƙofa tana fizgo yara tana turawa waje. Yarinyar nan mai cewa hannu ya fita aka taka ta, ta karye a hannu. Cikin ɗan lokaci kowa yana fili, cikin taɓo, ana haki, ana kiran sunayen 'ya'ya. Sannan aka yi tsit, aka juya ana kallon ɗakin, ana jira.

Bango bai faɗi ba. Bai faɗi ranar ba, bai faɗi washegari ba, har damina ta wuce yana tsaye.

Uban yarinyar ya zo ofis ya yi ta faɗa, kuma da gaskiyarsa. Wasu iyayen da suka zaga baya suka ga tsagar sun yi mata godiya a ɓoye, amma a fili maganar da ta zaga ita ce Malama Gam ta fara rikicewa. Aka sa wa ɗakin kwaɗo, aka raba yaranta, ita kuma aka ba ta ɗakin ajiyar littattafai, ita da ƙura da gara. Mai Zane ya zo yi mata sallama da jakarsa a baya. Ya tsaya a ƙofa yana murza hannu, ya ce ta yafe masa, shi hoto aka koya masa gyarawa. Ta ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ta sa masa albarka. Kullum da safe in ta shigo makaranta sai ta kalli ɗakin ƙarshe. Akwai ranakun da ta kama kanta tana fatan ta tarar ya zube, don dai a san ba hauka take yi ba, sai kuma ta ji kunyar kanta.

Maganar da aka kai sama ta dawo lokacin hutu, a siffar mutum biyu da buhun siminti da bokitin fenti. Suka cusa, suka shafe, suka yi fenti ruwan ƙwai, kafin azahar sun tafi. Lambatu yana nan inda yake. Da aka dawo sabuwar shekara yara sun yi yawa, babu wurin zuba su. Hedimasta ya sanar a taron malamai cewa an gyara ɗakin ƙarshe, za a sa 'yan aji ɗaya, tunda su ƙanana ne ba su da nauyi. Ya faɗa da wasa, wasu suka yi dariya. Ya tambayi wanda zai karɓa.

Malama ta ɗaga hannu. Aka juyo ana kallon ta.

"Ke da kika ce zai faɗi?" in ji Hedimasta.

"Har yanzu ban janye ba, ranka ya daɗe. In dai sai an sa yara a ciki, ni za a ba."

Babu wanda ya yi takara da ita. Ranar farko ta sa aka ciro allo aka mayar da shi bangon baya, ta ja teburinta ta kafa shi a gindin wurin da aka shafe, yadda babu bencin da zai sami wuri a nan. Ta tura yaran can wajen ƙofa, a matse, ta bar fili mai faɗi tsakaninta da su. Ta sa Baba Maigadi ya cire ƙyauren gaba ɗaya. Sauran bangon ta bar shi tsirara. Tana koyar da baƙaƙe da wasula da kunne ɗaya, ɗayan yana bayanta. Ta ja layi da alli a ƙasa, ta ce duk wanda ya tsallake shi zai gamu da ita.

'Yan aji ɗaya ba su san komai game da majigi ko akuya ba. Abin da suka sani shi ne malamarsu ba ta son a matso kusa da ita. Wata safiya, ana yayyafi, wata 'yar ƙarama mai giɓi ta gama rubuta baƙinta na farko. Murna ta sa ta manta doka, ta taso da gudu da littafin a buɗe, ta tsallake layin, ta nufo teburin.

"Koma!" Malama ta daka mata tsawa, har ta miƙe tsaye. "Koma, na ce!"

Yarinyar ta daskare, ta rungume littafin ta juya tana kuka. Malama ta zagayo teburin ta bi ta har bencinta, ta durƙusa da ƙyar, ta miƙa hannu ta ce a nuna mata. Yarinyar ta ɓoye littafin a bayanta, ta matsa jikin ƙawarta.

Malama ta ɗan jima a durƙushe. Sannan ta dafa benci ta tashi, ta koma ta zauna a gindin bangon, ta ce su buɗe shafi na gaba.